Idon Hagun Renfro

Su huɗu ne Amurkawa a rundunar lokacin da ta shigo hamadar Masar. Ɗaya ya ƙone a sama kowa na kallo. Ɗaya ya fita sintiri bai dawo ba, ko ƙusar jirginsa ba a gani ba. Saura biyu, Doyle Renfro da Arlo Sumrall. Tantinsu ɗaya, can ƙarshen layi, inda iska ke fara sauke yashinta.

Jiragen na Ingila ne, kakin ma na Ingila. Sauran matuƙan 'yan Ingila ne da 'yan Ostareliya, kuma duk Ba'amurke a bakinsu sunansa Kaboyi. Renfro bai taɓa kiwon ko akuya ba. Feshin maganin ƙwari yake yi a gonakin auduga na Arkansas, da wani tsohon jirgi da aka ɗaure wa fiffike da waya. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke ya je wurin sojan ƙasarsa, suka ce ina takardar kwaleji. Ya ce ba shi da ita, amma yana bi ta ƙarƙashin wayar tangaraho da jirgi bai taɓa ta ba. Suka ce ba abin da suka tambaya ke nan ba. Ya hau jirgin ƙasa ya tsallaka Kanada, inda ake ɗaukar wa Ingila matuƙa. Can aka dubi hannunsa, ba a dubi takarda ba.

Bai iya hira ba, bai kuma nemi ya iya ba. A tantin cin abinci 'yan Ingila na ta ba'arsu da saurin baki, ana ƙyalƙyala dariya, shi yana gefe yana tauna naman gwangwani da busasshen biskit, yana korar ƙuda. Arlo ne mai baki. Ɗan Mississippi ne, siriri, kunnuwa kamar faifai, in ya ɗauko labarin kifin da ya taɓa kamawa sai shayi ya huce bai kai ga wutsiya ba. Da shi kaɗai Renfro ke wuce eh da a'a.

Akwai kuma abin da ya haɗa su wanda ya fi hira.

Jirgin yaƙi ba ya tashi shi kaɗai. Biyu-biyu ake tafiya, kafaɗa da kafaɗa, da tazara a tsakani. Ba mai ganin bayansa da kyau, don haka kowa wajen abokinsa yake kallo: ka tsare mini ƙeya, in tsare maka. Wanda zai kashe ka ba ta gaba yake zuwa ba.

A fagen daga na Gazala, lokacin da ake ja da baya, harsashi ya fasa gilashin da ke kan Renfro, ɓarɓashi ya shiga idonsa na hagu. Likitan runduna ya wanke ya ɗaure, motoci na jiransa a kunne. Ranar da aka kwance ya ce, "Kana gani?" Renfro ya ce, "Ina gani." Idon ya warke tas, ba ja ba tabo, yana juyawa tare da ɗan'uwansa. Sai dai ba abin da yake kawowa sai hazo. Daga kafaɗar hagu zuwa baya, duniya ta ƙare.

Arlo ya gane ranar da ya miƙa masa taba ta hagu ya ga hannu bai zo ba. Washegari a sama ya koma daman Renfro ya zauna. Daga can, in ya kalli wajen abokinsa, duk gefen duhun na gabansa, shi kuma lafiyayyen idon Renfro na kan ƙeyarsa. Matsalar ɗaya ce. In aka ce a juya baya, ƙa'ida ita ce jiragen biyu su gitta juna, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, a ci gaba a haka. Haka ake koya wa kowa tun daga makaranta. Arlo kuwa da an gama juyi sai ya zame ta ƙarƙashi ya dawo dama. Shugaban runduna, wani dogon mutum mai ƙarancin magana da ake kira Hallam, ya sha yi masa faɗa. Arlo ya ce wuyansa ne ya sage, gefe ɗaya yake juyawa. Aka gaji aka ƙyale shi.

Ana nan sai ga labari Amurka ta aiko da nata jiragen. Sun kafa sansani a gefen hanyar da ta tashi daga Iskandariyya zuwa Alƙahira. Aka ce duk Ba'amurken da ke cikin kakin Ingila, in yana so, ya je a karɓe shi.

Arlo ya shigo tanti yana rawa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Tashi, tsohon jaki. Gida ya biyo mu har ƙofa."

"Na ji."

"Ka ji, ka kuma kwanta? An ce gahawa suke sha. Ta gaske, Doyle, ba wannan ruwan wankin ƙafar da ake ce wa shayi ba."

"Suna da likita."

"Kowa na da likita."

"Nasu yana dubawa."

Arlo ya zauna bakin gado ya zazzage yashi daga takalmin. "To sai me? In ya kama ka, su ba ka kaki, su ba ka tebur, ka koya wa na baya. Ka ci mai kyau, ka mutu da furfura."

"Tebur."

"Eh, tebur. Mutane na zama a bayansa. Ba ya cizo."

"Kai tafiya za ka yi ke nan."

Arlo bai ɗago ba. "Ina da 'yar da ban taɓa gani ba sai a hoto. In na faɗi a nan, cikin kakin sarkin wasu, ban san abin da za a gaya mata ba. Mu dai je ka gani da idonka." Sannan ya ƙara da cewa, "Da wanda ya rage."

Renfro ya jefe shi da hula.

Motar ruwa suka bi. A bakin sansanin wani mai gadi yana taunar cingam ya dubi gajeren wandonsu da hularsu. Renfro ya sara masa yadda ya saba, irin na sojan Ingila, tafin hannu a waje.

"Daga Ingila, yallaɓai?"

"Daga Arkansas."

"Kai! To wa ya koya maka nuna wa mutane tafin hannu? Duba za a yi maka?"

Arlo ya yi dariya har da riƙe ciki. Renfro ya sauke hannun ya wuce.

Ƙamshin gahawa ne ya fara tarbarsa, sannan muryoyi. Duk tantin da ya gifta maganar gida ke fitowa, ana jan kalma a hankali kamar mai jan guga. Ba wanda ya ce masa ya maimaita abin da ya faɗa. Bai san kafaɗunsa a ɗaure suke ba tun da ya bar gida, sai da ya ji sun saki. Aka ba su farin burodi mai laushi da ƙwai, aka cika masa kofi ba tare da ya roƙa ba. Wani makaniki mai ƙaton wuya ya ji sunan garinsu ya taso da farantinsa.

"Ka san Hattie mai soya kifi a bakin gada?"

"Tana nan?"

"Tana nan daram. Ta ƙara ƙiba, gadar ce ta rame."

Renfro ya yi dariya da ƙarfi. Arlo ya juyo ya dube shi, don bai taɓa jin irinta a bakinsa ba.

Da aka gama ci suka fito bayan tantuna. Ba'amurke ko a bakin kabari ka ajiye shi, in akwai ƙwallo da safar hannu ta fata, sai ya yi jifa. Kuma ba ya tambayar ko ka shirya. Sai ƙwallon ta bar hannunsa yake kiran sunanka. Mutum biyar ko shida na jefa wa juna, tana faɗawa cikin safa da ƙara mai daɗin ji. Renfro ya tsaya hannu a aljihu yana saurare.

"Arkansas! Kama!"

Ta hagu muryar ta fito. Yana juya kai ƙwallon ta same shi a ƙashin kunci, mai tauri kamar dutse. Sai ga shi zaune a ƙasa.

Wurin ya kaure da dariya.

"Ingila ta lalata shi!"

"Shayi ya cinye masa hannu!"

Ya taya su dariyar, jini a bakinsa. Arlo bai yi ba. Akwai wani ma da bai yi ba, wani likita mai sanƙo, tsaye a ƙofar tantin da ke da jan gicciye. Ya shiga ciki ya fito da jiƙaƙƙen tsumma, ya jira har 'yan wasan suka koma wasansu.

"Riƙe nan," in ji likitan. "Na sha ganin wanda ya kasa kama ƙwallo. Wanda bai ko ƙifta ba, yau na fara gani."

"Rana ce ta shiga idona."

"Rana na bayanka."

Renfro ya danna tsumman a kunci.

"Ka ga tantin can? Duk wanda zai sa kakinmu sai ya bi ta ciki. Ba ka shiga ba, don haka ban san ka ba. In ka shiga zan san ka, kuma kai da tuƙi har abada. Amma za ka zauna cikin naka, a ƙarshe ka je gida."

"In ban shiga ba fa?"

"Sai ka koma wurin masu shayi ka ci gaba, har ranar da abin zai ci mutum. Ina fata kai kaɗai zai ci."

Ya karɓi tsummansa ya tafi.

Renfro ya daɗe yana kallon ƙofar tantin. Ba ta da nisa. Ya tuna safiya a kan gonar auduga, ƙafar jirgi na shafar ganye, ƙasa na gudu a ƙarƙashinsa. A ƙasa shi mutum ne da bai gama firamare ba, mai nauyin baki, wanda ake mantawa yana ɗaki. Abu ɗaya ya iya a duniya, kuma ba wanda ya ba shi. Ya tofar da jinin ya nufi inda motar ruwa take.

Arlo ya biyo shi da gudu.

"Doyle, ka shiga mana. Don Allah."

"Mota za ta tashi."

"To ka gaya wa wanda za a haɗa ka da shi. Ka ji ni? Ka buɗe bakin nan ka gaya masa."

"Zan san yadda zan yi."

"Taurin kai ne zai kashe ka, ɗan banza."

"Ka gaishe da yarinyar."

Suka yi musafaha. Arlo ya cusa masa gwangwanin gahawa a aljihu ya juya da sauri, kunnuwan nan sun yi ja.

Kafin Renfro ya isa, an riga an naɗe gadon Arlo an mayar sito. A rundunar ba a barin gado ya kwana ba mai shi, ko mutuwa mai shi ya yi ko canjin wuri. Sai sawun ƙafafun gadon a yashi, da ƙusar da yake rataye hoton 'yarsa. Renfro ya zuba fetur a gwangwanin yashi ya kunna, ya dafa gahawar da ruwan rabonsa. Ruwan rijiyar hamada ne, gishiri da warin tanki. Ya kurɓa sau ɗaya ya zubar.

A tantin cin abinci ba wanda ya tambaye shi don me ya dawo. 'Yan Ingila ba sa tambaya. Wani dai ya hango kuncin ya ce, "Matar wa ka taɓa, Kaboyi?"

"Ƙofa na buga."

"Ƙofa? A hamada?"

Aka yi dariya, aka koma kan wata maganar.

Hallam ya haɗa shi da Saje Tolley, ɗan mahauci daga Leeds, gajere kakkaura, wanda ya daɗe a yaƙin fiye da yawancinsu. Tolley mutumin ƙa'ida ne. Yakan ce jarumai duk suna ƙarƙashin yashi, shi abin da aka koya masa ne ya kawo shi yau. Suka tsaya a inuwar fiffike, Renfro ya ce:

"Ka tsaya a damana. Kullum."

"Ko bayan juyi?"

"Ko bayan juyi. Ka dawo dama."

"Don me?"

"Haka nake so."

"Camfi ne? Na san wani da ba ya tashi sai ya naɗa safar matarsa a wuya. Ya mutu dai, amma wuyansa da ɗumi."

"Dama, Saje."

"To, Kaboyi, dama. Kai dai ka riƙe mini ƙeya. Ita kaɗai gare ni, kuma uwata na sonta."

Maganar ta zo wa Renfro har bakin haƙori. Ya dubi jar fuskar nan mai fara'a. In ya faɗa, mutumin zai rufa masa asiri, ko kafin la'asar Hallam ya ji? Bai sani ba. Ya ci abinci da mutanen nan, ya yi yaƙi tare da su, ya taya su binne nasu, amma bai san abin da ɗayansu zai yi da magana irin wannan ba. Ya haɗiye ta.

Da farko abin ya tafi daidai. Renfro yana murɗa jiki duka a kujera don idon dama ya leƙa hagu, har wuyan riga ya saɓule masa fata. Tolley na dawowa dama bayan kowane juyi, yana gunaguni a rediyo cewa ko rawa ba a yi masa wannan wahalar ba. In sun sauka kowa ya kama gabansa. Renfro ya koma tantinsa, inda ba a kawo kowa ba tukuna, ya zauna yana jin iska na kaɗa igiya.

Sai babban faɗan Alamein ya tashi. Ana sauka a sha mai a koma, a sake sauka a sake komawa, har mutum ya manta ko ya ci abinci. Wata safiya suna rako jiragen bama-bamai gida, muryar Hallam ta fasa rediyo: "Suna sama, bayanku! Juya!"

Suka gitta juna. Tolley ya koma hagu.

Jamusawa suka zubo kamar shaho cikin kaji. Renfro ya hango ɗaya a ƙasa ta dama, ya manne wa wani jirgin bama-bamai, ya bi shi. Ba lokacin zamewa ta ƙarƙashi ba ne, kuma hannun da ya firgita abin da ya fara koya yake yi. Tolley ya zauna inda ƙa'ida ta ajiye shi, idonsa a kan bayan Renfro.

"Bayanka fes, Kaboyi! Ci gaba!"

Renfro ya waiga hagu, hazo. Ya sake waigawa, hazo. Na gabansa ya cika gilashi, ya danna kunamar bindiga. Yana cikin harbi ya ji wani sauti a rediyo, kamar an naushi mutum a ciki. Ya kifa jirgin gaba ɗaya ta hagu, sai ga shi ya gani: jirgin Tolley na zubar da baƙin hayaƙi, wani Bajamushe na ɗagawa daga bayansa, kusa ƙwarai. Wanda ya matso haka ba yanzu ya zo ba. Zama ya yi ya gyara saiti a tsanake.

Tolley ya kai jirgin ƙasa a kan cikinsa, a wani fili mai tsakuwa can kudu, inda ba namu ba nasu. An hana sauka ɗaukar wanda ya faɗi, kuma ba a fasa yi ba. Renfro ya zagaya sau ɗaya ya sauke ƙafafu. Mai ido ɗaya ba ya auna nisan ƙasa, amma wanda ya saba sauka a turbar gona da jikinsa yake aunawa. Jirgin ya buga, ya yi tsalle, ya zauna.

Tolley ya taho yana tangaɗi, ya rungume hannun hagunsa a ƙirji, naɗe cikin ƙyallen wuya da ya riga ya jiƙe. Kujera ɗaya ce a jirgin. Renfro ya cire laimar saukarsa ya jefar, ya tura Tolley ciki, ya zauna a kan cinyarsa, kansa a waje cikin iska. Can nesa ƙurar motoci ta taso, ba a san ko na wa ba ne. Ya ba jirgin wuta.

A sama ba a jin magana. Sai da suka sauka a gida, ya kashe inji, farfela ta tsaya. Mutane na gudowa daga nesa. Tolley ya yi magana daga bayansa, bakinsa a daidai kafaɗarsa.

"Kaboyi, nauyinka kamar bijimin Kirsimeti."

"Yaya hannun?"

"Ubana mahauci ne. Na san nama in ya tashi daga aiki." Ya ja numfashi. "Bajamushen ya daɗe a bayana, ko?"

Renfro ya kafa wa farfela ido.

"Na ga kanka ya juyo wajena. Har sau biyu. Na ce to, yana kallo, babu komai." Ya sake jan numfashi. "Wane ido ne?"

"Na hagu."

"Ai da ka faɗa." Ba da faɗa ya yi maganar ba, kamar mai mamaki ne. "Da ka faɗa, da na liƙe a damanka ko sama za ta faɗo. Abu mai sauƙi, ɗan'uwa."

Mutane suka iso. Aka ɗaga Renfro, aka zaro Tolley aka ɗora a gadon ɗaukar marasa lafiya. Fuskarsa ta koma kamar toka, amma bakin bai mutu ba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce shegen daga cikin rana ya fito, ko mai ido huɗu ba zai gan shi ba. Ya ce Kaboyin nan mahaukaci ne, a ba shi giya, kuma a gaya masa ya rage cin biskit.

Da yamma Renfro ya shiga tantin cin abinci, aka tashi da tafi. Aka jawo shi tsakiya, aka zaunar da shi a kujerar da ba ta karye ba. Wani ɗan Ostareliya ya fito da kwalbar da yake ɓoyo ya cika masa kofi. Ana dukan bayansa, ana cewa ya sake faɗa yadda ya sauka a tsakuwar nan. Wani ya kira shi Doyle. Bai san sun san sunan ba. Abin da ya rasa tun da ya sa kakin nan ya zo masa a ranar da ba zai iya haɗiye shi ba. Ya riƙe kofin har hannunsa ya ɗumama shi, sannan ya ajiye a kan akwati, ya ce kansa na ciwo, ya fita.

Gari na wayewa aka fara ɗumama injuna. Renfro ya ɗauki hular tuƙinsa ya nufi layin jirage. Hallam ya cim masa a hanya, ya jera da shi ta hagu, yana magana yana tafiya.

"Na haɗa ka da Prentice. Jiya ya iso, bai taɓa ganin Bajamushe ba sai a hoto, amma an ce hannunsa da kyau. Ka riƙe shi kusa. Na gaya masa duk rundunar nan ba wanda zai fi kula masa da baya kamarka."

Renfro ya tsaya. Muryar ta ƙara taku ɗaya ita ma ta tsaya. Can gaba wani dogo mai sabon kaki na tsaye a gindin jirgi, yana ta gyara igiyar laimarsa.

"Yallaɓai, ka zagayo ta damana. Ba na ganinka a nan."

Sannan takalmi ya taka tsakuwa, Hallam ya zagayo ya tsaya a gabansa. Ya daɗe yana duban idon.

"Tun yaushe?"

"Gazala."

"Abokinka Sumrall ya sani."

"Ya sani."

"Tolley fa?"

"Jiya ya sani."

Muƙamuƙin Hallam ya motsa. Ya dubi layin jirage, ya dubi ƙasa.

"An yanke hannun," ya ce. "Daga gwiwa."

Renfro ya tsaya ƙiƙam. Ya so a zage shi, ko a kira masu gadi. Hallam bai yi ko ɗaya ba.

"Ka ba Prentice hularka, rediyon tasa na gardama. Motar asibiti za ta tashi da hantsi. Ka bi ta."

"To, yallaɓai."

Hallam ya wuce yana kiran wani suna, don a cike gurbin.

Renfro ya kai hular. Prentice ya karɓa da hannu biyu yana godiya, ya fara cewa ya ji labarin jiya. Renfro ya ce igiyar haɓar tana zamewa, ya ɗaure ta sosai, ya juya.

Kayansa ba su cika jaka ɗaya ba. Yana fitowa da ita ya tarar da mai sito tsaye a waje, yana jira ya naɗe gado. Ya ba shi hanya. Ya taka zuwa bakin fili, inda motar za ta tsaya, ya ajiye jakar.

Jiragen suka taso biyu-biyu, kowanne na jan ƙurarsa. Suka bar ƙasa, suka naɗe ƙafafu, suka karkata hagu yadda ake yi in an tashi, hazon ya haɗiye su. A da, sai dai ya saci kallo da wuya kada a lura. Yanzu ya ɗaga ƙafa ya juya jikinsa duka, a fili, kamar tsoho, ya sake samo su da idon dama. Ya bi su yana juyawa a hankali har suka daidaita suka nufi yamma, suka zama ɗigo, suka ɓace.

Ƙurar ta kwanta. Makanikai suka koma inuwa suna haɗa shayi, ba wanda ya dubi wajensa. Ya zauna a kan jakar, fuskarsa ga hanya, yana jiran mota.